Matakan zaɓen cajar motar lantarki ta gida a Saudiyya

Da farko, ka duba bakin cajin motarka, domin yawancin motocin da ake sayarwa a nan bakin cajinsu nau'in da ake kira Type 2 ne, amma wasu da aka shigo da su daga Sin ko Amurka nasu daban ne.

Na biyu, ka kira ƙwararren mai aikin wuta ya duba mitar gidanka. Idan wutar gidan mai layi ɗaya ce (wato single phase), caja mai kilowat 7 ta wadatar, tana cika batir mai kilowat-awa 60 cikin kusan awa 9, wato tsakanin isha'i da safiya. Mai kilowat 11 sai da layi uku, kuma a lissafa da nauyin na'urorin sanyaya ɗaki lokacin zafi.

Idan haya kake, nemi izinin mai gida tukuna. Sannan ka sayi caja mai shaidar SASO, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Saudiyya, a kafa ta a inuwa, saboda zafin Riyadh yakan haura digiri 45.