Yadda Ake Haɗa Shayi Mai Ƙamshi a Gida, da Ganyen da Ya Dace da Kowane Haɗi

Yawancin shayin ƙamshi da ke fitowa da ɗaci, ba laifin kayan haɗi ba ne. Ana zuba ganye da citta da kanumfari a tukunya ɗaya, lokaci ɗaya, a bar su su yi ta tafasa, alhali kowanne da lokacinsa. Saiwa da ɓawo da 'ya'yan itace busassu wuta suke so, sai sun jima a kanta kafin su saki abin da ke cikinsu. Ganyen shayi kuwa jiƙawa yake so ta 'yan mintuna, in aka wuce sai bauri ya rufe komai. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka tsaya.

Mataki na farko: a san ganyen

Baƙin shayi da koren shayi tsiro ɗaya ne, wanda masana ke kira Camellia sinensis. Wajen sarrafawa suka rabu. Idan aka tsinko ganye aka murza, aka bar iska ta ratsa shi har ya yi duhu, an sami baƙin shayi. Idan aka ba shi zafi tun yana ɗanye, launinsa ba zai juya ba, shi ne kore. Sinawa sun fi gasa shi a kasko, Japanawa kuwa turara shi suke yi, shi ya sa nasu ke ƙamshin ɗanyar ciyawa. A tsakani akwai ulong, wanda ake tsayar da shi a rabin hanya.

Bayan haka sai ƙasar da ya tsiro, kuma a nan ne mai haɗi ya kamata ya natsu. Shayin Assam, daga kwarin kogin Brahmaputra a arewa maso gabashin Indiya, mai nauyi ne, ja jawur, madara ba ta danne shi, citta ma haka. Na Kenya ɗan'uwansa ne a ƙarfi. An fara shuka shayi a can a 1903 a Limuru, yau kuma tsaunukan Kericho ne suka yi suna. Akasarinsa inji ne ke niƙa shi ya dunƙule ƙanana-ƙanana, don haka nan da nan yake ba da launi. Na Siri Lanka, wanda har yanzu ake kira Silon, ya samo asali ne daga gonar da James Taylor ya fara a 1867 kusa da Kandy. Ya fi su tsantsan ɗanɗano, kuma babu abin da ke ƙara masa kyau kamar lemo.

Darjeeling dabam ne. A gangaren tsaunukan Himalaya yake tsirowa, ruwansa fatsi-fatsi, ƙamshinsa ya ɗan yi kama da na inabi. Ni dai ba na zuba masa komai, kuma ina roƙon kowa ya sha shi haka ko sau ɗaya, domin ƙwayar kanumfari ɗaya ta isa ta shafe abin da aka saye shi dominsa. Haka ma Lapsang Souchong na tsaunukan Wuyi a lardin Fujian na Sin, wanda ake busar da shi a hayaƙin wani ice mai ƙamshi da ake kira fain: ya riga ya zo da ƙamshinsa.

Mataki na biyu: ruwa da awo

A ɗebo sabon ruwa mai sanyi. Ga kofi mai cin mililita 250, ƙaramin cokali ɗaya na ganye ya isa, wato giram 2 zuwa 3. Baƙin shayi yana son ruwan da ya tafasa, ya jiƙa minti 3 zuwa 5. Koren shayi ba ya jure haka. Ruwansa kada ya wuce digiri 80 a ma'aunin Salsiyos, minti 2 ko 3 kacal. In babu ma'auni, a sauke butar a buɗe ta, a ɗan jira kamar minti biyar. Mai son shayi da ƙarfi ya ƙara ganye, kada ya ƙara lokaci.

Mataki na uku: shayin madara da kayan yaji, irin na Indiya

Wannan shi ne masala cai, kuma da shi ya fi kyau a fara koyo. Don kofi biyu, a ɗora ruwa kofi ɗaya da rabi. A daka ɗanyar citta kamar rabin babban yatsa, a fasa 'ya'yan kadamon (wani kayan ƙamshi mai ɗan koren kwanso) 3 ko 4, a ƙara kanumfari 2, ɗan guntun kirfa, da masoro ƙwaya 3 in ana son ɗan zafi a maƙogwaro. A fasa su kawai, kada a mai da su gari, saboda gari yana dagula ruwa ya bi ta rariya.

A bar su su dahu a ƙaramar wuta minti 8 zuwa 10, da murfi a kai, domin ƙamshin a tururi yake gudu. Wannan dahuwar tana da wani amfani da ba kowa ya sani ba: ɗanyar citta tana da sinadarin da ke tsinka madara, amma tafasa na kashe ƙarfinsa. Saboda haka kada madara ta shiga sai citta ta dahu.

Sannan a zuba ganyen Assam ko na Kenya ƙaramin cokali 2, a bar shi minti 2, a zuba madara rabin kofi ko fiye, da sukari daidai baki. Da zarar ya taso sai a rage wuta, a ba shi minti ɗaya, a tace. Abin lura shi ne kanumfari. Ba ya raba wuri da kowa, in ya wuce biyu ko uku, shi kaɗai za a ji.

Mataki na huɗu: na'a-na'a irin na Moroko

Mutanen Moroko da koren shayin Sin suke yin nasu, wanda ake naɗe ganyensa ƙulu-ƙulu kamar harsashi, akasari daga lardin Zhejiang. A zuba babban cokali ɗaya a buta mai cin rabin lita, a ɗan zuba ruwan zafi a girgiza a zubar, don wanke ƙura da rage ɗaci. A cika da ruwan zafi, a cusa ɗanyar na'a-na'a cikin hannu guda, a tabbatar ta nutse, domin wadda ta tsaya a sama baƙi take yi. A sa sukari, a jira minti 3 zuwa 4. Sai a tsiyaya a kofi a mayar cikin buta sau biyu ko uku don ya gauraya, sannan a zuba daga sama ya yi kumfa. Madara ba ta shiga nan.

Mataki na biyar: ƙamsasa busasshen ganye

Wannan ne ya fi burge ni, ga shi kuma ba ya buƙatar wuta. Busasshen ganyen shayi yana zuƙar duk ƙamshin da ke kusa da shi. Da wannan halin nasa ne Sinawa ke yin shayin yasmin a Fujian: su shimfiɗa furanni a kan ganye da dare lokacin da suke buɗewa, su kwashe da safe, su maimaita sau da dama. Earl Grey kuwa baƙin shayi ne da aka sa wa man ɓawon bagamot, wani irin lemo da aka fi nomawa a Kalabriya, kudancin Italiya.

A gida, a fere ɓawon lemo ko na lemun tsami siriri, a bar farin cikin don shi ne mai ɗaci. A yanka ƙanana, a shanya a inuwa har ya bushe ƙarau, yana karyewa a hannu. A haɗa babban cokali ɗaya da ganyen Silon giram 50 a kwalba busasshiya mai murfi, a riƙa girgizawa kullum. Bayan mako ɗaya a ɗanɗana, in bai kai ba a ƙara masa mako. Haka ake yi da kirfa, da busassun furannin wardi waɗanda ba a yi wa feshi ba, da tsagaggen sandan banila. Sharaɗin ɗaya ne, kada danshi ya shiga, ko kaɗan ne zai kawo fumfuna, sai dai a zubar da kwalbar duka. A fara da kaɗan, a rubuta awon da kwanan wata a jikin kwalba, don in ya yi daɗi a iya maimaitawa.

In za a matsa ruwan lemun tsami, sai bayan an tace, kuma a shayin da babu madara. Zuma ma a ƙarshe take shiga, bayan ya ɗan huce.

Kwalbar da aka gama haɗawa a ajiye ta inda rana ba ta kaiwa, nesa da murhu, nesa da sabulu da albasa, saboda yadda ganyen ya ɗauki ƙamshin lemo haka zai ɗauki nasu. Baƙin shayi yana iya kai shekara ko fiye da ƙarfinsa, amma ƙamshin ɓawon lemo ya fi saurin tafiya, gara a haɗa na wata biyu ko uku, in ya ƙare a sake sabo.