Darasi na Tara: Awon Kwarin Rufi da Lissafin Kwanon Gota

Gidan da aka gina shi miƙe, ɗaki na bin ɗaki, rufinsa ba shi da kwari. Amma da zarar ginin ya yi kwana kamar harafin L, ko aka fitar da falo daga tsakiya ya zama kamar T, sai rufi biyu su haɗu a kusurwa ta ciki. Wannan mahaɗa da ta lotsa ita ce kwarin rufi. Ginin L kwari ɗaya gare shi, ginin T kuma biyu. A ƙarƙashin kwanon rufi, a cikin kwarin, ake shimfiɗa wani kwano mai santsi da aka lanƙwasa shi a tsakiya, wanda kafintoci ke kira gota, don ya kwashe ruwa ya kai shi bakin rufi.

Ku dubi yawan ruwan da ke bi ta nan. Ruwan sama na milimita 1 a kan fili mai murabba'in mita 1 lita ɗaya ne. Kwarin gidan da za mu auna a wannan darasi yana tattara ruwan murabba'in mita 21. Idan aka yi ruwa na milimita 30, irin wanda ake yi a watan Agusta, lita 630 ke nan, fiye da duro uku, duk ta hanyar da faɗinta bai wuce taƙi ɗaya ba. Shi ya sa silin ɗin da ke ƙarƙashin kwari yake fara yin taswira tun kafin sauran.

Yadda ake awo

Idan an riga an kafa katako, aikin da sauƙi. Mutum biyu ake bukata da tef mai tsawo. Ɗaya ya riƙe bakin tef a can sama inda kwarin ya fara, ɗayan ya ja shi a kan katakon kwarin har ƙarshen bakin rufi, wato har inda rufin ya zarce bango. A ja tef ya miƙe sosai, kada ya yi ciki. In ba tef mai tsawo, a ja igiya, a ƙulla ta a inda ta tsaya, a sauko a auna ta a ƙasa. A hau da safe bayan raɓa ta bushe, a ɗaure tsani, a kuma duba ko wayar lantarki ta ratsa kusa.

Sau da yawa kuwa maigida yana son sanin kuɗin kaya tun ana kan bulo, ba katako ko ɗaya a sama. A nan lissafi ke aiki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne kwari ya fi gangaren rufi tsawo, domin a karkace yake tafiya, kuma yana hawa. Wanda ya auna a ƙasa kawai zai sayo kayan da ba za su kai ba.

Abu biyu za ku nema. Na farko rabin faɗin ginin, a haɗa da zarcewar bakin rufi. Na biyu tsayin rufin, daga saman bango zuwa ƙololuwa. Ga gidanmu: faɗin kowane ɓangare mita 8 ne, rabinsa mita 4. Tsayin rufi mita 2, wato rabin mita 4 ɗin nan. Bakin rufi ya zarce bango da santimita 60. Sai mu ce 4 a tara da 0.6, ya ba mu 4.6.

Yanzu sai a ninka 4.6 da wata lamba, gwargwadon tsayin rufin:

Idan tsayin rufi sulusin rabin faɗin gini ne, a ninka da 1.45.
Idan rabinsa ne, a ninka da 1.5.
Idan kashi uku cikin huɗu ne, a ninka da 1.6.
Idan daidai suke, a ninka da 1.73.

Namu rabi ne, don haka 4.6 sau 1.5 ya zama mita 6.9. Waɗannan lambobi suna aiki ne idan rufin biyu gangarensu ɗaya kuma kusurwar ginin daidai take. In ɗaya ya fi ɗaya tsaye, a jira katako a auna da tef.

Mita 6.9 tsawon kwarin ne, ba tsawon gota ba. A ƙara santimita 15 a sama don ta shige ƙarƙashin murfin ƙololuwa, da santimita 5 a ƙasa don ta leƙo ta zubar da ruwa nesa da katakon bakin rufi. Jimla mita 7.1.

Falle nawa za a saya

A nan ake yawan faɗawa rami, don haka mu tafi a hankali. Fallen kwano shimfiɗaɗɗe da ake sayarwa yakan zo da tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4, wato kusan mita 2.4 da mita 1.2. In aka tsaga shi biyu ta tsawo, za a sami guda biyu masu faɗin santimita 60, kowane gefen kwari ya sami santimita 30. Akwai masu tsaga shi uku don su rage kuɗi. Ban ba ku shawarar haka ba: iska mai ƙarfi tana tura ruwa ya haura gefen gota siririya ya sauka a kan katako.

Mai gaggawa zai ce guda uku sau 2.4 ai 7.2 ne, ya isa har da saura. Bai isa ba. Duk inda guda biyu suka haɗu, dole na sama ya hau kan na ƙasa da aƙalla santimita 15. Guda uku mahaɗa biyu gare su, an ci santimita 30 ke nan, abin da ya rage mita 6.9. Muna neman 7.1, saura santimita 20 babu. To guda huɗu za a saya, falle biyu ke nan. Kada kuma a liƙa ɗan guntu a ƙarshe. A rage tsawon dukkansu su zo kusan daidai, ko a bar hawan ya yi yawa, wanda ma ya fi kyau ga rufi mai kwanciya.

Inda ake da masu yanka kwanon alminiyom daga naɗi, ana iya ba su awo su yanko gotar a jere, mita 7.1 ba mahaɗa. Wannan ya fi, in dai akwai motar da za ta ɗauko ta ba tare da ta karye ba. A nemi mai kaurin milimita 0.55, don mai 0.45 saurin lotsawa gare shi in an taka.

Sauran kayan ba su da wuyar lissafi. Katako biyu masu faɗi da gotar za ta kwanta a kai, kowanne mita 7. Ƙusa ɗaya a kowane santimita 30, gefe biyu, kusan 48. A sayi 60 saboda masu lanƙwashewa. Ƙusar ta dace da kwanon, domin baƙar ƙusa a jikin alminiyom tsatsa take jawowa har wurin ya huje.

Wajen ɗorawa, daga ƙasa ake farawa a yi sama. A naɗe bakin kowane gefe ya tashi kamar santimita 2. Ƙusa a can gefe take, ba a buga ta a tsakiya inda ruwa ke gudu. Idan an zo yanka kwanon rufi a kan gotar, a bar hanya a buɗe ta santimita 10 zuwa 15, yadda tsintsiya za ta shiga, don ganyen darbejiya da ƙurar hunturu a nan suke taruwa su toshe ta kafin ruwan farko.

Aikin gida

Wani gini mai siffar T faɗin kowane ɓangarensa mita 6 ne, tsayin rufinsa mita 1.5, bakin rufi ya zarce da santimita 60. Ku nemo tsawon kwari ɗaya, da tsawon gotarsa, da yawan fallen da za a saya don kwari biyun. Ku rubuta lissafin a littafinku, ku zo da shi aji mako mai zuwa.