Yadda nake jera ƙungiyoyin ƙwallon jami'o'in Amurka

Ƙwallon da nake nufi ita ce ta Amurkawa, wadda ake runguma a ruga da ita. Duk ranar Lahadi nakan ɗauki biro in jera ƙungiyoyi 25, in gwada nawa da jerin da kamfanin dillancin labarai na AP ke fitarwa bisa ƙuri'un 'yan jarida.

Da farko ka duba wa aka doke, kada yawan nasara ya ruɗe ka. Lallasa ƙananan makarantu goma bai kai kayar da babbar ƙungiya irin ta Jami'ar Jojiya sau ɗaya ba. Sannan ka duba inda aka buga, don cin wasa a gidan abokin hamayya ya fi nauyi. In biyu sun yi kunnen doki, wadda ta doke 'yar'uwarta gaba da gaba ita ce a sama.

Inda ake gardama shi ne jerin shekarar 2023. Florida State ta ci wasanni 13 ba a doke ta ba, amma kwamitin zaɓen ƙungiyoyi huɗun da za su fafata neman kofin ƙasa a shekarar ya ajiye ta ta biyar saboda jagoran wasanta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Aka ɗauki Alabama, wadda Teksas ta bi har gida ta doke 34-24. Ni na bar Florida State a ta huɗu, don aikin da aka yi nake aunawa. Har yau abokaina suna yi mini tsiya da 63-3 ɗin da Jojiya ta zuba mata daga baya.