Inda Kamfanoni Suka Fi Yin Tuntuɓe Idan Sabuwar Ƙa'idar Akanta Ta Shigo

Tun 2012, lokacin da kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Najeriya suka koma tsarin IFRS, wato ƙa'idojin rahoton kuɗi na ƙasa da ƙasa, masu riƙe littattafan kuɗi ba su huta ba. IFRS 9 da ta shafi basussuka da IFRS 15 ta kuɗin ciniki sun fara aiki ranar 1 ga Janairun 2018, IFRS 16 ta haya ta biyo a 2019, IFRS 17 ta kamfanonin inshora a 2023, ga IFRS 18 ta fasalin rahoton kuɗi tana jiran 1 ga Janairun 2027. A Nijar ma sabon tsarin akanta mai suna SYSCOHADA ya soma aiki a 2018. Kowane zuwa kuwa, a rami ɗaya ake faɗawa.

Uwar kurakuran ita ce ɗaukar ranar da ƙa'ida za ta fara aiki a matsayin ranar fara shiri, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Rahoton kuɗi kullum yana ɗauke da alƙaluman bara a gefe don a kwatanta. Shi ya sa kamfanin da ya fitar da rahotonsa na farko na IFRS a ƙarshen 2012, sai da ya koma har 1 ga Janairun 2011 ya sake lissafa kadarorinsa da basussukansa. Haka IFRS 18 za ta yi: rahoton 2027 zai fito da alƙaluman 2026 a sabon fasali, inda za a raba kuɗin shiga da na kashewa zuwa na ainihin harkar kamfani, na zuba jari, da na neman kuɗin gudanarwa. Gyaran shi ne a lissafa baya daga shekarar kwatance, a sake tsarin lambobin asusu a manhajar kamfani tun kafin ta kama, don kada a dawo ana tsintar bayanan wata goma sha biyu da hannu.

Na biyu shi ya fi ci mini rai: a ce ai wannan aikin 'yan akanta ne. Shekarar da IFRS 16 ta shigo ina wani kamfanin rarraba kayan masarufi. Masu binciken kuɗi suna zaune a ofishinmu, muka tashi neman takardun hayar sito-sito da shaguna. Wata takardar a durowar manajan reshe muka same ta, ruwa ya jiƙa rabinta. Wani siton kuwa babu ko layi ɗaya a rubuce, magana ce kawai tsakanin mai gidanmu da mai wurin, shekara da shekaru. Ƙa'idar tana so a san tsawon hayar, da ko akwai damar sabuntawa da kamfani ke da tabbacin zai yi amfani da ita. Akanta ba zai san wannan daga kan teburinsa ba. Dole a zauna da lauyan kamfani, da mai kula da kadarori, da shugabannin rassa.

Nan ma akwai wani ruɗu. Da yake a wajenmu kuɗin hayar shekara ɗaya ko biyu ake biya gaba ɗaya, wasu sai su ce ƙa'idar ba ta shafe su ba tunda ba a bin su komai. Ta shafe su. Kuɗin da aka biya yana shiga cikin kadarar haƙƙin amfani da wurin, ana rage darajarta a hankali. Hayar da ba ta wuce wata 12 ba, da ta ƙananan kaya masu araha, su ne aka yarda a tsame.

Sai batun bashi. Da, sai an ga alamar mutum ya kasa biya ake cire asara. IFRS 9 ta ce tun ranar da ka ba da kaya bashi za ka ƙiyasta abin da ba zai dawo ba. Mutane da yawa sun ɗauka ta bankuna ce kaɗai, alhali duk mai ba dillalai kaya su sayar su kawo kuɗi tana kansa. Abin da ake yawan ji daga sashen ciniki shi ne, “Haba, Alhaji ai mutumin kirki ne, zai biya.” Kirkinsa na nan, amma littafi tarihin biya yake dubawa. A jera basussukan bisa kwanakinsu, na wata ɗaya, na wata uku, na sama da wata shida, a ga nawa ne ya saba nutsewa a kowane rukuni a shekarun baya, sannan a ƙara da yanayin da ake hange, kamar tsadar kaya da faɗuwar naira. A tsinko kashi kaza cikin ɗari daga iska, wannan kam ba lissafi ba ne.

IFRS 15 kuwa, tuntuɓenta biyu ne aka fi sani: rubuta kuɗin kafin alƙalami a matsayin ciniki tun kaya ba su shiga hannun mai saye ba, da mantawa da rangwamen ƙarshen shekara da aka yi wa dillalai alkawari, wanda ya kamata a cire ƙiyasinsa daga cinikin tun farko.

Wasu kuma sai su miƙa wa mai binciken kuɗinsu aikin kacokan, ya yi lissafin, ya rubuta bayanan, ya dawo ya bincika abin da hannunsa ya rubuta. Rahoton kuɗi nauyin daraktoci ne. In ana neman taimako, a ɗauko wani masanin daban, a kuma sa ma'aikatan gida su zauna kusa da shi su koya, don badi ba ya nan. Daga irin wannan miƙa aiki kacokan ne ake samun bayanan ƙa'idojin da aka kwafo daga rahoton wani kamfani, har ka ga mai sayar da shinkafa yana bayani kan kwangilar gine-gine.

Kafin alƙaluman su fita, a sanar da banki. IFRS 16 tana ɗaga bashin da ke bayyana a littafi ko da ba a ci sabon bashi ba, kuma idan yarjejeniyar rance ta ƙayyade iyakar bashin kamfani, ana iya wayar gari an karya ta. A kuma zauna da mai kula da haraji, domin dokar haraji ba ta sauyawa don ƙa'idar akanta ta sauya, kuma bambancin da ke tsakaninsu sai an lissafa shi a matsayin harajin da aka jinkirta.