Matakan Ƙirƙiro Ma'auni a Duniyar Labarinka

1. Fara da jikin mazauna duniyar. Kamu, taku da gaba duk daga jiki aka samo su. In halittunka yatsu shida-shida gare su, ƙirgensu zai karkata ga 12, mai rabuwa gida 2, 3, 4 da 6 cif.

2. Awon nauyi kuwa, zaɓi ƙwayar hatsin da kowa ya sani.

3. Tsayar da wanda ke riƙe da ma'aunin asali. A ganina nan daɗin yake. A ce kamun sarki ake bi, sai gajere ya gaji dogo: kamu ya ragu, masu sayen yadi na kuka, masaƙa na murna.

4. Auna nisa da yinin tafiya.

5. Rubuta sunayen a takarda guda, kada su haura biyar, don mai karatu ya iya riƙewa.