Yadda na gyara zanen shimfida biyu a gnuplot

Alhamdulillahi abin ya zauna, na gode wa abokin karatuna a jami'a nan Damagaram da ya nuna mini hanya.

A gnuplot, manhajar zana jadawalin lissafi, ina son nuna z = x²+y² da z = 8−x²−y² a zane daya mai fuska uku, kwano daya a bude dayan a kife, suna haduwa a da'ira mai radiyus 2 daidai z = 4. In na buga splot, umarnin zane mai fuska uku, sau biyu sai na biyu ya share na farko, wannan dai mai sauki ne, wakafi ake sawa tsakaninsu a layi daya. Babbar matsalar ita ce da na sa with pm3d, salon da ke cika shimfida da launi, sai na biyun ya lullube na farko gaba daya, wurin haduwar ma ba ya fitowa. Na juya kusurwar kallo da set view, banza. Na sa set hidden3d shi ma banza, ashe layuka yake boyewa, ba ya shafar pm3d.

Ga abin da ya yi aiki, bi da bi:

set xrange [-3:3]
set yrange [-3:3]
set samples 60
set isosamples 60
set pm3d depthorder lighting
splot x**2+y**2 with pm3d fc "red", 8-x**2-y**2 with pm3d fc "blue"

Maganin yana wajen depthorder, shi ke jera kananan murabba'an da suka hada shimfidun duka biyun daga na nesa zuwa na kusa, maimakon a gama zana daya sannan a dora dayan a kai. isosamples kuma, wato yawan layukan ragar shimfidar, da 10 yake zuwa, in ka bar shi haka bakin da'irar zai yi gantsi-gantsi, kar dai ka zuba masa 200 in kwamfutarka tsohuwa ce irin tawa. Ba kowace shimfida launinta da fc kuwa sai gnuplot 5.4 zuwa sama.