Babi na 9: Ƙaramar bindigar wasan saiti da yadda ake zaɓenta

Harbin saiti wasa ne kamar tsere ko kokawa, kuma yana cikin wasannin Olamfik. Hukumar da ke kula da shi a duniya ita ce ISSF, mai hedikwata a ƙasar Jamus. A gasar ƙaramar bindigar hannu, wato fistol, ɗan wasa yana tsayawa a ƙafafunsa, ya miƙa hannu ɗaya, ya harbi takarda mai zanen zobba daga nisan mita 25. Zoben tsakiya shi ne mai maki 10. A takardar harbin natsuwa, wato wanda ake yi a tsanake ba da sauri ba, faɗinsa santimita 5 ne kacal. Ku auna santimita 5 da rula a littafinku, ku ga ƙanƙantarsa.

Doka tukuna

Dokar bindigogi ta Najeriya ta shekarar 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai bindigar toka, irin ta mafarauta da wadda ake bugawa a hawan sallah. Kwamishinan 'yan sanda na jiha ne ke ba da lasisinta, kuma a nan Kano hedikwatarsu tana Bompai. Akwai irin su bindigar iska da bindigar harbin tsuntsu, waɗanda izininsu ke hannun Sufeto Janar. Kashi na uku su ne haramtattu, kuma fistol tana cikinsu, babba ce ko ƙarama. Ba mai riƙe ta sai da izinin Shugaban Ƙasa. Wanda aka kama da ita ba izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Saboda haka wannan ba kaya ba ne da ake shiga Kasuwar Kurmi ko Sabon Gari a taya. Duk wanda ya ja ku gefe ya ce yana da ita ta sayarwa, gidan yari yake sayar muku. Masu wannan wasa bisa ƙa'ida suna yinsa ne ƙarƙashin hukuma, a filin harbi da aka amince da shi, gaban mai horarwa. Zaɓen da muke magana a kai, zaɓe ne a irin wannan wuri. Wanda ke sha'awar farawa, hanyarsa ita ce bindigar iska mai lasisi, wadda ake yin gasarta a nisan mita 10.

Yadda take aiki

Harsashin da ake amfani da shi sunansa .22 LR. An fara yinsa a Amurka a 1887, kuma kaurin kansa milimita 5.6 ne. Sinadarin da ke tayar da albarushinsa yana cikin gefen gindin kwanso, don haka allurar bindiga gefen take duka. Ƙaramin harsashi ne, ba ya ture hannu sosai, kuma ya fi manyan araha. Amma fa yana kisa. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗi kowa.

Bindigar kuwa mai ɗura kanta ce. Idan aka harba, ƙarfin harbin yana tura ƙarfen da ke samanta baya, ya fitar da kwanson da aka gama da shi. Sai sifirin ya dawo da ƙarfen gaba, ya ɗauko sabon harsashi. Danna kunama ɗaya, harbi ɗaya. A gasa harsashi 5 ake sakawa a lokaci guda.

Mariƙi

Sabon shiga yakan fara tambayar suna da kuɗi. Gwani kuwa mariƙi yake fara dubawa. Manomi ya san ƙotar da ta zauna masa a hannu tun kafin ya sari ƙasa, to haka ma mariƙin bindiga. Ana yinsa ƙarami, matsakaici da babba, akwai na dama akwai na bahago. Na gasa yana da ɗan katako a ƙasa da gefen tafin hannu ke hawa, ana ɗaga shi ko a sauke shi. Dokar wasa ta hana mariƙi ya kai ga wuyan hannu.

Ga yadda ake gwadawa, bayan mai horarwa ya tabbatar babu harsashi a ciki. A riƙe, a rufe ido, a ɗaga hannu zuwa wajen takarda, sannan a buɗe ido. Idan bakin bindiga ya karkata hagu ko dama, ko yana duban ƙasa, sai an murɗa wuyan hannu kafin ya daidaita, wannan mariƙin bai dace da mai shi ba. A sake dubawa: gaɓar farko ta manunin yatsa ta kai kan kunama ba tare da an miƙe ta da ƙarfi ba? Mata da masu gajerun yatsu su kula da wannan ƙwarai. A ganina, bindiga mai arha da ta zauna a hannu ta fi mai tsada da ake kokawa da ita, domin harbi 60 ake yi a gasa, kuma hannun da ya gaji a harbi na 20 ba zai yi abin kirki a na 50 ba.

Kunama

A gasar mita 25, dole kunama ta ɗauki nauyin giram 1000 ba ta tashi ba. Alƙalan wasa suna rataya mata ƙarfe mai wannan nauyi don su tabbatar. Ta bindigar iska giram 500 ne. To abin nema shi ne kunama mai tafiya sumul, wadda ba ta gurza, kuma take sakin harbi a wuri ɗaya kullum. Mai gurzawa tana sa mutum ya fizga, fizga kuwa ita ce ke kai harsashi zoben 6 maimakon na 10. Masu kyau ana iya matsar da kunamarsu gaba ko baya daidai tsawon yatsa.

Saiti da nauyi

Abin saiti biyu ne: ɗan tsini a gaba, da tsaga a baya. A zaɓi wadda tsagarta ke da sukurori na juyawa sama da ƙasa, hagu da dama. Gasar ISSF ba ta yarda da madubi ko jan ɗigo mai haske ba, don haka kada a ɓata kuɗi a kansu. Bututu kada ya wuce milimita 153, nauyin bindigar duka kada ya wuce giram 1400. Mai ɗan nauyi a gaba ta fi zama daram, amma idan ya yi yawa kafaɗa ce za ta biya.

Waɗanda aka sani

Don koyo, an san Ruger, wadda aka fara ƙerawa a Amurka a 1949. Samfurinta na Mark IV da ya fito a 2016 ana buɗe shi da maɓalli ɗaya don wankewa, alhali buɗewar ce ta wahalar da masu tsofaffin samfura. Akwai Browning Buck Mark ta 1985, da Smith & Wesson Model 41 ta 1957. A manyan gasa kuwa an fi ganin Pardini ta Italiya, akwai kuma Walther ta Jamus. Waɗannan suna da tsada, kuma mai koyo ba ya buƙatarsu a shekararsa ta farko.

Ko wacce ce, a tambayi abu biyu. Ana samun kayan gyaranta? Kuma tana cin harsashin da ake da shi ba ta cijewa? Wannan na biyun babba ne. A gasar harbin sauri ta maza, ana harbin takarda 5 cikin daƙiƙa 8, sannan 6, sannan 4. Bindigar da ke cijewa ba ta da wuri a nan. Kan harsashin .22 yana da maiƙo, kuma ƙurar hunturu ta Kano tana manne masa. Lokacin hunturu a rage zuba mai, a yawaita gogewa. Da damina tsatsa ce abin tsoro. Kuma kada a riƙa danna kunama babu harsashi sai mai horarwa ya ce irinta tana jurewa, domin allura na iya dukan ƙarfe ta lalata shi.

Kiyaye rai da lafiya

A ɗauka kowace bindiga a ɗure take. Bakinta ya dubi wajen takarda kawai. Yatsa ba ya hawa kunama sai an yi niyyar harbi. Cire gidan harsashi bai isa ba, domin guda ɗaya na iya maƙalewa a cikin bututu, sai an ja ƙarfen baya an duba da ido. A toshe kunne, a sa tabarau.

Kan harsashi dalma ne. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko goro, kuma kada a kai wa yara kwanso gida su yi wasa.

Aikin yi

1. Idan ana saka harsashi 5 a lokaci guda, sau nawa za a saka kafin a cika harbi 60?
2. Wane jami'i ne ke ba da lasisin bindigar toka? Rubuta amsar a cikakkiyar jimla.
3. Zuba ruwa lita ɗaya a roba, nauyinsa kilo ɗaya ke nan. Miƙa hannu da shi daidai kafaɗa, abokin karatunka ya ƙirga daƙiƙa nawa ka yi kafin hannun ya fara rawa. Rubuta adadin, ka sake gwadawa bayan mako guda.